Yarinyar da Ta Tunkari Rockefeller

Mai karatu, a ce kana kai kayanka kasuwa a jirgin ƙasa, sai ka gano kuɗin dakon da ake caje ka ya ninka na abokin gasarka, kuma daga cikin abin da ka biya ana yanka masa kaso a ɓoye. Me za ka yi? Irin wannan ƙulli John D. Rockefeller ya yi da kamfanonin jirgin ƙasa a Amurka a 1872. Cikin 'yan makonni kamfaninsa, Standard Oil, ya haɗiye matatun mai 22 daga cikin 26 na birnin Cleveland.

A cikin waɗanda guguwar ta girgiza har da wani ƙaramin ɗan kasuwar mai a jihar Pennsylvania, Franklin Tarbell. 'Yarsa Ida tana da shekara 14, tana kallon yadda walwala ta ƙaurace wa gidansu. Ba ta manta ba.

Bayan kusan shekara 30, tana 'yar jarida a mujallar McClure's, ta ƙudiri aniyar binciken Standard Oil. Mahaifinta ya roƙe ta kada ta taɓa wannan kamfani mai riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar. Kai da za ka ji maganar uba, ko za ka ci gaba? Ida ta kutsa cikin takardun kotu, ta yi ta tono. Wani babban jami'in kamfanin, Henry Rogers, da kansa ya riƙa karɓar ta a ofis, yana zaton zai juya alƙalaminta. Sai kuma wani yaron ofis na kamfanin da aka ba shi takardu ya ƙona ya hango sunan malaminsa a ciki: ashe ma'aikatan jirgin ƙasa na yi wa kamfanin leƙen asirin kayan abokan gasa. Takardun suka isa hannun Ida.

Daga 1902 zuwa 1904 ta fallasa komai. A 1911 Kotun Ƙoli, bisa dokar Sherman ta 1890, ta ba da umarnin a daddatsa Standard Oil gida 34.

To, ya karye? Ina! Rockefeller na da kusan rubu'in hannun jari a kowane gutsure, farashinsu kuma ya yi tashin gwauron zabi, dukiyarsa ta ƙaru fiye da da. Biyu daga cikin gutsattsarin, Exxon da Mobil, suka sake haɗewa a 1999.