Me ya sa ƙaramin jirgin sama ke buƙatar ma'aunin zafi?

Duk mai shago a kasuwar Madarunfa ya san ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Dangin injinsa ne, irin su Rotax 503 da 582 na ƙasar Ostiriya, ke ɗaga ƙananan jiragen sama masu cin mutum ɗaya ko biyu.

Irin wannan inji, fetur ɗin da yake sha shi ke kai masa maiƙo, shi ke rage masa zafi. In kafireta ta toshe, fetur ya ragu, iska ta yi yawa, sai wuta ta tsananta, fistin ya kumbura ya cije. Janareta in ya cije, duhu kawai za a sha. A sama kuwa, sauka ta zama dole, ko bisa gonar gero, ko cikin tafkin Madarunfa.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin zafin hayaƙi wajibi ne. Kamfanin Rotax ya sa iyaka a digiri 650, kuma allurar kan motsa tun kafin kunne ya ji sauyin ƙara. Ma'aunin kan silinda ya fi jinkiri, amma a zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, shi ke nuna ko abin da ke sanyaya inji ya gaza.