Shin Kowane Dattijo Ne Ke Buƙatar Asfirin Kullum?

Kusan shekara talatin aka yi ana ba dattawa shawarar su riƙa haɗiyar ƙaramar ƙwayar asfirin kullum, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau, domin ta tsare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shawarar ba ta sha wahalar samun karɓuwa ba. Ƙwayar na da araha, kowa ya santa, kuma babu mai musun cewa rigakafi ya fi magani. Wani binciken lafiyar jama'a da aka yi a Amurka a 2017 ya nuna mutum kusan miliyan 29 'yan shekara 40 zuwa sama, waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba, suna shanta kullum, kuma miliyan 6.6 daga cikinsu babu likitan da ya ce su sha. A cikin 'yan shekara 70 zuwa sama kuwa, kusan rabi ne ke sha. A Najeriya ma ƙwayar nan ta miligiram 75, wadda aka fi sani da sunan Vasoprin, takan biyo maganin hawan jini a takardar asibiti, a kemis kuwa ba a tambayar takarda kafin a miƙo ta. Maganin tsinka jini ake ce mata. Tun daga 2018 binciken likitoci ya rushe wannan shawara a kan tsofaffi masu lafiya, amma labarin bai iso kunnen yawancin iyayenmu ba.

Cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filatilet. Da zarar jijiya ta tsage, su ne ke rugawa su manne da juna su toshe wurin, kamar yadda magini ke cike tsagar katanga kafin damina. Aikinsu ne ke tsayar da jini idan mutum ya yanke. Amma idan kitsen da ya taru a bangon jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ya fashe, sai su taru a wurin su yi gudaji, jijiyar ta toshe, naman da take shayarwa ya mutu. Asfirin na gurgunta sinadarin da filatilet ke buƙata wajen mannewa, kuma filatilet ɗin da ta taɓa ba ya farfaɗowa har ƙarshen rayuwarsa, kwana bakwai zuwa goma. Shi ya sa ƙaramar ƙwaya ɗaya a rana ta wadatar. Masanin Birtaniya John Vane ne ya gano sirrin aikinta a 1971, shekara 74 bayan Felix Hoffmann ya haɗa ta a kamfanin Bayer na Jamus, aikin da ya kai Vane ga kyautar Nobel a 1982. Sai dai hanyar da asfirin ke toshewa ita ce kuma ke samar da sinadaran da ke kare bangon ciki daga asid. Ke nan tana buɗe ƙofar gyambon ciki, idan gyambon ya fara zubar da jini kuma ta hana jinin tsayawa da wuri.

Ba a banza likitoci suka amince da ita ba. A 1988 wani babban gwaji mai suna ISIS-2, wanda ya ƙunshi majinyata 17,187 da aka kai asibiti da alamun bugun zuciya, ya nuna asfirin ta rage mutuwa da kashi 23 cikin ɗari a makonni biyar na farko. Har gobe wannan hujja na nan daram. Shekara guda bayan haka aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a kan likitoci maza 22,071 a Amurka, masu lafiya, inda ta rage bugun zuciya na farko da kashi 44 cikin ɗari. Daga nan ne tunanin ba kowa ya samo asali. Amma duka maza ne, akasarinsu ba su kai tsufa ba, kuma a zamanin shan taba ya yi yawa, magungunan rage kitsen jini ba su yaɗu ba, kula da hawan jini bai kai na yanzu ba. An ɗauki abin da aka gani a jikin magidanta aka ɗora wa 'yan shekara saba'in da tamanin ba tare da an gwada a kansu ba.

Wannan giɓi ne gwajin ASPREE ya zo ya cike. Farfesa John McNeil na Jami'ar Monash da ke Melbourne ya jagorance shi tare da abokan aikinsa na Amurka. Daga 2010 zuwa 2014 suka tattara mutum 19,114 a Ostireliya da Amurka, 'yan shekara 70 zuwa sama, sai baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka mazauna Amurka da aka karɓa tun daga shekara 65. Babu wanda ya taɓa ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a cikinsu, babu mai gigin tsufa, babu wanda ya kasa yi wa kansa hidima. Ƙuri'a ce ta raba su gida biyu: 9,525 suna shan asfirin miligiram 100 kullum, 9,589 suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki, kuma daga su har likitocinsu babu wanda ya san wa ke shan me. Tambayar da masu binciken suka sa a gaba ita ce ta fi burge ni, domin ita ce tambayar tsoho da kansa. Ba adadin bugun zuciya kaɗai suka ƙirga ba. So suka yi su ga ko asfirin na ƙara wa mutum shekarun da zai yi a raye, da hankalinsa, yana iya wanka da sa tufafi da tashi da ƙafarsa ba tare da an riƙe shi ba.

An bi su kimanin shekara 4.7, aka dakatar da ba da ƙwayar a watan Yuni na 2017 da ya bayyana cewa amfanin da ake nema ba zai samu ba, sannan mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon a watan Satumba na 2018. A kan mutuwa ko gigin tsufa ko nakasa, cikin kowane mutum 1,000 a shekara an samu 21.5 a ɓangaren asfirin, 21.2 a ɗaya ɓangaren, wato babu bambanci. A kan cututtukan zuciya da jijiyoyin jini an samu 10.7 da 11.3, tazarar da ba ta wuce ta dace ba. A zubar jini ne bambanci ya fito fili: mutum 361 masu shan asfirin sun yi mummunar zubar jini, irin wadda ke kai ga kwanciya asibiti ko ƙarin jini ko mutuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa 265. Yawanci a ciki da hanji ne, sai kuma cikin ƙoƙon kai. Mace-mace ma sun ɗan fi yawa a masu asfirin, 558 da 494, akasarin ƙarin daga ciwon daji. Masu binciken da kansu sun ce a yi hattara da wannan batu na ƙarshe, domin ba su zata ba kuma gwaje-gwajen baya ba su nuna haka ba.

An ci gaba da tono bayanan mutanen nan, kuma abin da ke fitowa bai yi wa asfirin daɗi ba. A 2022 aka ga ba ta rage karayar ƙashi ba, kuma faɗuwar da ke kai tsoho asibiti ta fi yawa a masu shanta. A 2023 aka ga zubar jini a cikin kai ta samu mutum 108 a masu asfirin, 79 a sauran, alhali ba ta rage shanyewar da toshewar jijiya ke kawowa yadda za a kafa hujja da shi ba. A shekarar dai aka gano tana ƙara yiwuwar ƙarancin jini da kusan kashi 20 cikin ɗari, har ga waɗanda ba a taɓa ganin sun zubar da jini ba. Wannan ya fi damuna, domin jinin na tsiyaya ne kaɗan-kaɗan ta hanji babu mai gani. Tsoho ya riƙa kasala, jiri na ɗibarsa, numfashi na yi masa wuya in ya yi 'yar tafiya, 'ya'yansa su ce ai jiki ne da shekaru.

Ga masu ciwon suga, gwajin ASCEND na Birtaniya mai mutum 15,480, wanda shi ma aka buga a 2018, ya nuna asfirin ta rage cututtukan jijiyoyin jini da kashi 12 cikin ɗari, ta ƙara mummunar zubar jini da kashi 29, riba da asara suka kusa cinye juna. Daga nan ƙa'idoji suka sauya. A 2019 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka ce kada a riƙa ba wanda ya haura shekara 70 asfirin don rigakafi kawai. A watan Afrilu na 2022 kwamitin ƙwararru kan rigakafi na ƙasar ya ce kada ɗan shekara 60 zuwa sama da bai taɓa ciwon ba ya fara shanta. A 2023 kuma ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sabunta jerin magungunan da ke da haɗari ga tsoho, wanda likita Mark Beers ya assasa a 1991, ta ce kada a fara, wanda ya riga ya fara kuma a duba yiwuwar janye masa.

Wani zai ce ai a Ostireliya da Amurka aka yi gwajin, kuma mafi yawan mutanen farar fata ne. Gaskiya ne. Amma abin da aka sani game da mu ƙara tsoro yake yi, ba ragewa ba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya duba mutum 2,118 da suka samu shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba, alhali a Turai da Amurka irin wannan bai fi ɗaya cikin goma ba ko ya ɗan haura. Hawan jini kuma shi ne ke bayan kusan tara cikin goma na shanyewar baki ɗaya. Wanda jininsa ke sama ba a daidaita shi ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa na cikin matsi, in ɗaya ta fashe kuma asfirin za ta hana jinin tsayawa. ASPREE ma bai karɓi wanda awon jininsa ya kai 180 ba. A nan kuwa sau nawa ake ganin dattijo ya daina maganin hawan jini saboda tsada, ya riƙe asfirin saboda arha? Saboda haɗarin fashewar jijiya ne kuma bai kamata a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki asfirin a gida ba. Sai hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance toshewa da fashewa.

Ga kuma maganin ciwon jiki. Tsoho mai ciwon gwiwa ko baya kan aika yaro kemis a haɗo masa, a ƙullo masa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu a ƙulli ɗaya, kuma dukkansu dangin asfirin ne masu cin bangon ciki. Garin Alabukun ƙunshi ɗaya na ɗauke da asfirin miligiram 760, daidai da ƙananan ƙwayoyin nan goma. Jikin ɗan shekara saba'in ba na ɗan arba'in ba ne: ƙoda ta rage saurin tace magani, bangon ciki ya yi laushi, ƙananan jijiyoyi sun yi rauni, faɗuwa ta yawaita.

Dole a yi wa maganar nan iyaka, domin kuskuren fahimtarta na iya kisa. Duk abin da aka faɗa ya shafi wanda bai taɓa ciwon ba ne. Wanda ya taɓa bugun zuciya, ko shanyewar da toshewar jijiya ta kawo, ko aka sa masa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya, ko aka yi masa aikin jijiyoyinta, amfanin asfirin gare shi ya rinjayi haɗarinta nesa ba kusa ba. Wani nazari da aka yi a Suwidin a kan mutum 601,527, aka buga a 2017, ya nuna waɗanda suka daina shanta sun fi masu ci gaba fuskantar matsalar zuciya da jijiyoyi da kashi 37 cikin ɗari, kuma abin ya fi tsanani ga masu tsohon ciwo. Haka mai juna biyun da likita ya rubuta wa don gudun jijjigar haihuwa, ita ma wannan magana ba tata ba ce.

A ganina laifin ba na ƙwayar ba ne, na yadda muke kula da tsofaffi ne. Kowane zuwa asibiti ƙara magani ake yi, da wuya ka ji an rage. Likitan da ya rubuta asfirin shekara goma da suka wuce ya bar wurin, wanda ya gaje shi yana da layin mutane a ƙofa, sai ya kwafe abin da ya tarar a kati. Janye maganin da amfaninsa ya ƙare aikin likita ne kamar rubuta sabo, kuma ya kamata asibitocinmu su ware masa lokaci ko da sau ɗaya a shekara ga duk wanda ya haura 65.

Ku da kuke saya wa Baba da Inna magani, ku tattara duk abin da suke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna. Ku tambaya kai tsaye: wannan asfirin don me aka ba su, kuma har yanzu dalilin na nan? Kada ku dakatar da ita da kanku. Ku nemi a auna musu yawan jini, ku tabbata maganin hawan jini bai yanke ba. In kuka ga baƙin bayan gida mai yauƙi, ko aman jini, ko tsananin ciwon kai da ruɗewa bayan an faɗi, ku kai su asibiti a ranar, kada ku bari sai gobe.