Dogon Layi a Rumfar Zaɓe: Abin da Ya Kamata Mutanen Isa da Sabon Birni Su Sani

Duk ranar zaɓe sai ka ji ana faɗa a rediyo cewa jama'a sun yi fitar ɗango. Abin da mai rahoto ya gani shi ne layi ya miƙe tun daga bakin aji har ya zagaya katangar makarantar firamare, maza a gefe, mata a gefe, wasu da goyo. Amma tsawon layi bai cika nuna yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, waɗanda suka yi zaɓen kuwa ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, mafi ƙaranci tun komawa mulkin farar hula a 1999. Duk da haka an sha tsayuwa a rana, wasu wuraren har dare.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙa'ida ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe shiga layi da 2:30 na rana, wanda kuma ya riga ya shiga layi kafin lokacin yana da haƙƙin a jira shi. Sa'a shida ke nan, minti 360. A ce kowane mutum minti biyu zai ɗauka a gaban na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, to mutum 180 kawai za a tantance a wannan tsakani. Rumfa mai mutum 700 a rajista, ko rabinsu suka fito, la'asar za ta same su a tsaye. Idan kuma kayan zaɓe ba su iso ba sai bayan azahar, batun gamawa da haske ya tashi. Saboda irin wannan cunkoso ne INEC ta ƙara rumfuna a 2021, daga kusan 120,000 da ake amfani da su tun 1996 zuwa 176,846. Sai dai mutane da dama ba su mayar da rajistarsu sababbin rumfunan ba, tsofaffin suka ci gaba da cika, har hukumar ta sanar kafin zaɓen 2023 cewa akwai rumfuna 240 da babu ko mutum ɗaya a rajistarsu.

Minti biyun nan ma a ƙasar Gobir, inda Isa da Sabon Birni suke, ba kullum yake isa ba. Dattijon da ya shekara hamsin yana riƙe da hauya, zanen babban yatsansa ya gama sulɓewa. Zai ɗora, na'ura ta ƙi, ya goga a jikin riga, ya sake ɗorawa, ta ƙi. Mace ta sha lalle har ya yi baƙi, ita ma haka. Sai a koma ɗaukar fuska, ma'aikaci ya yi ta juya shi don hasken rana ya daidaita, na baya suna ta cewa "Malam, a yi sauri mana." Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne BVAS ba ta bukatar sabis wajen tantancewa, domin sunayen masu zaɓen rumfar suna cikinta. Sabis sai an zo tura hoton takardar sakamako zuwa shafin IReV na INEC. Don haka in ma'aikaci ya ce tantancewa ta tsaya saboda babu sabis, akwai abin tambaya.

Makarar kaya kuwa a nan ta fi ta ko'ina dalili. Kayan zaɓe masu muhimmanci daga Sakkwato suke tasowa zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa cibiyar kowace mazaɓa inda ma'aikatan wucin gadi ke kwana, galibinsu matasa masu yi wa ƙasa hidima, kashegari da asuba a raba su ƙauyuka. Motocin na direbobin haya ne da aka yi yarjejeniya da ƙungiyarsu. Direban da ya san haɗarin hanyar Gundumi, ko ya tuna matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba 2021, ba zai tayar da mota da duhu ba sai ya ga rakiyar jami'an tsaro, kuma ba wanda zai ga laifinsa. A 2023 ga ƙarancin mai, ga ƙarancin takardun Naira sakamakon canjin kuɗi, abin ya haɗu goma da ashirin.

Babbar matsalar dai ita ce waɗanda ba sa cikin layin kwata-kwata. Katin zaɓe ɗaure yake da rumfa guda, inda mutum ya yi rajista nan zai jefa ƙuri'a. To yaya wanda ya yi rajista a wani ƙauyen Gatawa ko Tara ko Tidibale, 'yan bindiga suka tashe su, yanzu yana rakuɓe gidan ɗan'uwa a cikin garin Isa ko a wata unguwa a Sakkwato? Tun bayan hare-haren Mayu 2020, da aka kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya, da abin da ya biyo baya a hannun ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensa, dubban mutane suka bar gidajensu. Da yawa sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Runji, inda dangi suke, don Gobir ɗin can da ta nan uwa ɗaya ce. Su kam zaɓe ya wuce su, domin dokar Nijeriya ba ta ba da damar jefa ƙuri'a daga wajen ƙasa ba.

Na cikin gida suna da madogara. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora wa INEC alhakin yin iya ƙoƙarinta don kada waɗanda tashin hankali ya raba da muhallinsu su rasa ƙuri'arsu, kuma hukumar ta fara tsara zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015 saboda Borno da Yobe da Adamawa. Sai dai tsarin ya fi dacewa da inda akwai sansani mai suna da rajista. Gudun hijirar yankin nan galibi ba ta sansani ba ce, cikin gidajen 'yan uwa ake sajewa, ba a rubuta kowa ba. Idan kuma aka tattaro rumfunan ƙauyuka da dama aka jera su a makaranta ɗaya a cikin gari, taron zai yi kama da fitar ɗango, alhali ragowar waɗanda suka iya isowa ne.

Wani zai ce ƙuri'ar ƙauye ɗaya me za ta canja. A jihar Sakkwato wannan magana ba ta da wurin zama. A zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019, Aminu Waziri Tambuwal yana gaban Ahmed Aliyu da ƙuri'a 3,413, amma rumfuna 136 da aka soke suna ɗauke da masu rajista 75,403. Ƙa'ida ita ce idan tazarar ba ta kai yawan waɗanda aka hana zaɓe ba, ba a bayyana wanda ya ci. Aka sake a waɗannan rumfuna ranar 23 ga Maris, Tambuwal ya haye da ƙuri'a 342 kacal, abin da rumfa ɗaya a Kurawa ko Bafarawa za ta iya fitarwa. A 2023 abin ya fi haka muni: duka kujerun sanata uku da na majalisar wakilai 11 na jihar, har da ta Isa da Sabon Birni, ba su kammalu ba, INEC ta dakatar da kwamishinanta na jihar, aka koma cike giɓi ranar 15 ga Afrilu, ana cikin azumi da zafin bazara.

A nan ne nake ganin 'yan siyasar yankin da magoya bayansu ke yi wa kansu illa. Doka ta ce idan ƙuri'un da ke cikin akwati suka fi yawan mutanen da BVAS ta tantance, a soke sakamakon rumfar ɗungurungum. Wanda ya yi aringizon ƙuri'a ashirin don ya faranta wa maigidansa, ya zubar da tsayuwar mutum ɗari uku, haka ma yaron da ya fasa akwati. Zagaye na biyu kuma mutane sun gaji, kuɗin mota ya ƙare, 'yan kaɗan ne ke komawa, kuma a kan 'yan kaɗan ɗin nan masu sayen ƙuri'a ke tarewa.

Yawancin gyaran watanni kafin zaɓe ake yin sa. Wanda ya bar ƙauyensa yana iya zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukumar da yake zaune ya nemi a mayar masa da rajista rumfar da ke kusa da shi, wanda katinsa ya ɓace ko ya ƙone ya nemi sabo, kuma ƙofar tana rufewa tun zaɓe na da nisa. Hakimai da limamai da kansiloli su suka san wane ƙauye ne ya tashi da inda mutanensa suka sauka. Idan suka miƙa wannan bayani a rubuce ga jami'in zaɓe na Isa da na Sabon Birni da wuri, za a iya tsara inda kowace rumfa za ta zauna, a kuma sanar a rediyo da masallatan Juma'a kafin makon zaɓe.