Tukunyar Ladi Kwali da Sana'ar Gidajenmu

Wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga wata mace tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, wadda aka sa hotonta a kuɗin nan a 2007. Muna so iyalanmu masu sana'ar hannu su san labarinta, gama da yawa a cikin ikilisiyoyinmu da ginin tukwane, da saƙa, da ɗinki suke biyan kuɗin makarantar yara, ga shi kuwa roba da kwanon ƙarfe sun kwashe masu ciniki.

Tun tana yarinya Ladi ta koyi gini a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu zalla take ɗora laka, tana kewaya tukunyar, sa'an nan ta zana kunama, da ƙadangare, da kada, da kifi a jikinta. Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa. A can ne wani Bature maginin tukwane, Maikel Kadu, ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohon garin Abuja, wanda a yanzu ake kira Suleja, Ladi kuwa ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin.

Ta riga ta gwanance, ta yi suna, amma ta yarda ta sāke zama almajira. Ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, ta koyi shafen da ke sa tukunya ta yi ƙyalli kamar tangaran, ta koyi gashi a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Ta shiga yin kwanuka, da kofuna, da butoci. Duk da haka ba ta yar da zanen gidansu ba, shi ne ma ya bambanta kayanta da na kowa. An nuna aikinta a Landan, ita kanta ta je Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Randar gargajiya tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta yake sanyi. Da aka shafe tulun Ladi aka gasa shi a tanderu, sai ya yi nauyi, ya yi tsada, ya daina sanyaya ruwa. Ya zama kayan ado na masu kuɗi. Ga Ladi wannan bai zama hasara ba, domin makarantar tana da hanyar kai kayan wurin masu saye. Matar da ke ƙauye fa, wa zai kai mata? Mun sha ganin an koya wa zumuntar mata sabon aiki, an yi bikin ba da takardar shaida, kaya kuma suka yi ta shan ƙura a ɗakin ajiya na majami'a. Kafin a sayi kayan aiki, sai a fara sanin wanda zai saya, da nawa zai iya biya.

A ganinmu hanyar Malam Muhammad Bah Abba ta fi kusa da talaka. Ya kasance malamin makaranta a Jihar Jigawa, daga zuriyar magina. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, sai tumatir da gauta da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. An ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Laka ita ce ta jiya, gashin ma na jiya ne, amfanin ne kaɗai sabo. Sai dai a gaya wa mai saye gaskiya: da rani take aiki sosai, da damina sanyinta kaɗan ne.

Haka magina za su iya ƙara murhun gawayi, da tukwanen furanni, da mazubin ruwan kaji. Mai saƙa faifai ta gwada jaka ko kwandon burodi. A fara da guda 5 ko 10, a kai kasuwa, a saurari abin da mutane za su kushe. Yaran da muke koya wa lissafi su riƙa rubuta wa iyayensu kuɗin laka, da itace, da mota, har da tukwanen da suka fashe a wuta, gama su ma a cikin farashi suke. Su kuma ɗauki hoton kayan su aika wa 'yan'uwa na birni ta WhatsApp.

Saura maganar bashi. Ɗan'uwa yakan ɗauki kaya bayan sujada ya ce sai ƙarshen wata, mai kaya kuma ta ji nauyin tambaya. Muna roƙon dattawan ikilisiya su yi magana a kan wannan a fili, su kuma fara biyan nasu.