Guzurin Karen Farauta A Kan Hanyar Kurmi

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai mafarautan ƙasar Kano da na Zazzau su fara haramar tafiya Kurmi. A da da ƙafa ake shiga dawa, kare yana gaba yana shinshina, in ya gaji ya kwanta gindin itace. Yanzu kuwa bayan babbar mota ake hawa, a bi ta Kaduna, a ƙetare Kwara a Lakwaja, wasu har Fatakwal, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Fatake sun san su, domin sau da yawa mota guda ke ɗaukar buhunan wannan da karnukan wancan. (Karen nan mai ƙafa huɗu ake nufi, ba karen mota mai ɗaure kaya ba, ko da yake su biyun a baya suke kwana.)

Malamai ba su bar wannan mas'ala ba. Ibn Abi Zaid ya ambata cikin Risala cewa ba a ajiye kare sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar da mutum ke ci da ita, ba ta wasa ba. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kan ayarin da ke tare da kare ko ƙararrawa, amma masu sharhi da yawa sun fitar da karen da shari'a ta yarda a riƙe. To, wanda aka yarje wa riƙo, ci da sha da lafiyar dabbar suna wuyansa. Mutumin nan da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, a kan hanya ya gamu da shi.

Ƙishirwa da zafi su ne suka fi kashe kare a tafiya. Mutum yana gumi jikinsa ya huce, kare kuwa ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, shi ya sa ya kan zaro harshe. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39, in ya wuce 41 ya shiga hatsari, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa su fara lalacewa. Bayan mota ƙarfe ne. Yayin da take gudu iska na taimako, amma da ta tsaya a shinge, ko taya ta fashe da azahar, sai daɓen ya zama tanda. Saboda haka mafarauci mai hankali ya kan shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, ya yi rumfa da tabarma ta inda iska za ta ratsa, kada ya lulluɓe da tamfol. Kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar fiye da lita guda a yini yana kwance, cikin zafi kuwa ninki biyu ko fiye. A ba shi kaɗan kaɗan duk inda aka tsaya, a kaskonsa na kansa, kada ya sa baki a ƙwaryar mutane ta zama sai an yi mata wanki bakwai. Idan aka ga haki ya tsananta, harshe ya yi ja wur, yana tangaɗi, sai a kai shi inuwa nan take, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi ta fifita. Ba a ɗura wa kare ruwa in ya fita hayyacinsa, sai ya shaƙe.

Abinci ba shi da wuya. A ciyar da shi sa'a uku ko huɗu kafin tashi don kada ya yi amai, sa'an nan sai an sauka. A tsare shi daga albasa, mai lalata masa jini, da goron da ke zubewa daga huhu, domin abin da ke wartsake ɗan kasuwa a cikinsa guba ne ga kare. Igiya kuma ta zama gajera, yadda ba zai iya tsallake gefen mota ya rataye ba.

Karen da zafi ko jiri ya kama ya kan yi dalala, baƙon gari kuwa in ya ga dalala ba abin da zai ce sai mahaukacin kare. Tsoronsa yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma in alamunsa suka bayyana ba a tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurarsa a Faransa ya tsira. A Nijeriya ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Sai dai allura ba ta kama jiki ran da aka yi ta, tana son kamar mako uku. Wanda ya kai karensa asibitin dabbobi ana gobe tafiya ya makara. A karɓi takardar likita, a adana ta tare da lasin bindiga.

Takardun nan sun ƙara nauyi tun ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da 'yan banga suka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo, suka ga bindigogin farauta, taron jama'a ya kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano don Ƙaramar Salla. Laifin yana kan masu kisa, kuma takarda ba ta tsayar da taron da ya fusata. Amma abin ya bar matafiya cikin tsaka mai wuya: kare yana son tafiyar dare don sanyi, mai kare yana son ta rana don a ga fuskarsa. Abin da ya fi dama shi ne a yi sammako, a ya da zango kafin rana ta take, a garin da ke da Sarkin Hausawa wanda zai shaidi baƙo, karnuka na ɗaure da takunkumi.

A Kurmi akwai ƙudan tsando mai sa sammore, wanda karen Arewa bai saba da shi ba, ga kaska, sai a riƙa duba kunne da tsakanin yatsu kowane maraice. Komowa gida ita ta fi shafar makarantun allo, domin cikin kowane mutum goma da ake cizo wajen huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen da wata dabba ta ciza a dawa yana iya yin wata biyu ko uku lafiya lau kafin ciwon ya fito, don haka a ɗaure shi nesa da almajirai, a nuna wa likitan dabbobi. In kuwa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ko da kuwa ƙwarzane ne.