FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa murhun lantarki ke buƙatar wayarsa ta daban

Tsadar iskar gas da kalanzir ta tura magidanta da dama zuwa ga murhun lantarki. Sai dai wasu kan jona shi a soket ɗin da suka tarar a kicin, ko su ja masa waya da kansu, kuma daga nan hatsarin gobara ke farawa.

An ƙera soket ɗin gida a Najeriya ne don ɗaukar amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Wannan ya ishi ƙaramin murhu, amma babba mai kai huɗu da oben yana iya jan wat 7,000 ko fiye. Idan nauyi ya fi ƙarfin waya takan ɗauki zafi, robarta ta narke a cikin bango ko saman silin, inda ido ba ya kaiwa.

Bisa ƙa'ida, babban murhu na buƙatar waya mai lamba 6 tun daga akwatin rarraba wuta, da na'urar katse wuta mai amfiya 32, da kuma wayar da ke sauke wuta ƙasa.

Jabun waya na ƙara dagula lamarin, domin wata alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Hana shigowarta kasuwa nauyi ne na hukumar SON, yayin da NEMSA ke tantance masu aikin wayarin. Saboda haka kafin a fasa bango, haƙƙin mai gida da ɗan haya ne su nemi ganin takardar shaidar ma'aikacin.