Balarabe Musa: Ba Tsigewa Kaɗai Ce Tarihinsa Ba

Tun da rikici ya ɓarke tsakanin Gwamna Fubara da majalisar dokokin Jihar Ribas, har ta kai ga dokar ta-ɓaci a Maris 2025, sunan Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya dawo bakin masu sharhi. Abin da ke damuna shi ne kullum magana ɗaya ce, wai shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Nijeriya. Daga nan sai a wuce, kamar tsigewar ce aikin da ya zo yi.

Labarin sananne ne. Akawu ne da ya yi karatu a Landan, ɗan NEPU tun yana saurayi. A 1979 ya tsaya a PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Amma NPN ke da rinjaye a majalisa, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki babu su, har aka tsige shi a Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

To me ya yi a cikin waɗannan watanni ashirin da 'yan kai? Tun farkon hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Kano. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan magana ba. Haraji a kan kai ake biyansa, duk namiji baligi, ko damina ta yi kyau ko ta ƙi. Dagaci ya aiko, mai unguwa ya bi gida-gida. Kakana ya sha ba mu labarin shekarar da ya ja akuyar kakarmu kasuwa, tana da ciki, ya sayar da ita a wulaƙance don kada a zaunar da shi a rana a ƙofar fada gaban surukansa. Wasu samari kuwa da an fara ƙidaya sai su tsere ci rani. Jangali kuma a kan kowace saniya yake, shi ya sa Bafulatani ke kora rabin garkensa daji idan ya ji masu ƙirga sun doso ruga, in an gano kuma ya biya har da na toshiyar baki. Abin da ya isa baitulmali daban, abin da ya maƙale a hanya daban. Wannan ce ƙayar da Malam Aminu Kano da 'yan sawaba na NEPU suka sha ɗauri a kanta tun zamanin En'e, Balarabe ya zo ya cire ta. Ya kuma kafa kwamitin binciken gonakin da aka ƙwace wa talakawa. A ganina nan ne ya taɓo masu ƙarfi, ba a batun kwamishinoni ba.

Ba na cewa ba shi da laifi. Mutum ne mai kafiya, kuma ɓarakar da ta tsaga PRP gida biyu, Santsi da Taɓo, ta raba shi da jagoranta Malam Aminu a lokacin da ya fi bukatar inuwar jam'iyya. Ya rasu a Nuwamba 2020 bai sauya sheƙa ba.

A 'yan shekarun nan manomi a Birnin Gwari da wasu ƙauyukan Katsina sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, kuma da bakinsa haraji yake kiran abin. 'Yan majalisar da ke kwana suna ƙirga hannuwa don tsige wane ko kare wane, yaushe za su zauna a kan wannan? Hukumomin ilimi na Kaduna da Katsina kuma su sa tarihin haraji da jangali a darasin 'yan sakandare, su tura malamai su naɗi muryar tsofaffin da suka biya shi, tun da sauransu a raye.